Waye a bayan lambar waje? Abin da za ka iya ganowa da kanka da abin da sai hukuma

Da wuya ka zaga wata unguwa a Gombe, Jekadafari ce ko Pantami ko Bolari, ba ka samu gidan da ke da wani nasu a ƙasar waje ba. Wata 'yarta na aikatau a Makka ko Jidda, wani ɗansa na karatu a Masar ko Malesiya, wani ya raka mara lafiya Indiya, ga 'yan kasuwar hatsi da na dabbobi da ke hulɗa da mutanen Kamaru da Chadi da Nijar. Saboda haka shawarar nan da ake yawan bayarwa, wai duk lambar da ba ta gida ba kada a ɗauka, ba ta aiki a wurinmu. Uwar da 'yarta ke Saudiyya ba za ta ga +966 a wayarta ta ƙyale ba, ko da ƙarfe biyun dare ne. Abin da take bukata shi ne hanyar gane wanda ke kiran.

Abubuwa uku ne mutane ke haɗawa wuri guda idan suka ce suna son sanin mai lamba. Akwai ƙasar da ta ba da lambar, akwai sunan da aka yi rajistar layin da shi, akwai kuma mutumin da ke riƙe da wayar a lokacin da aka kira. Na farko kowa na iya karantawa da idonsa. Na biyu yana hannun kamfanin sadarwar waccan ƙasa, in ma an yi rajistar. Na uku kuwa, wanda shi ne ainihin abin da ke damunmu, babu wata manhaja a duniya da ke nuna shi. Lambar waya kamar lambar mota take: GME a jikin mota na nuna maka inda aka yanke ta, amma ba ya faɗa maka wanda ke tuƙi yau, kuma ana iya ciro ta a liƙa wa wata motar.

Karatun lambar kansa ba shi da wuya. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, mai hedikwata a Janiba, ita ke raba wa ƙasashe lambobin shiga, kuma a tsarinta lambar waya ba ta wuce alƙaluma 15 duka-duka. An raba duniya shiyya-shiyya ta alƙalamin farko: 2 galibi na Afirka ne, 3 da 4 na Turai, 9 ya ɗauki ƙasashen Larabawan Asiya da Turkiyya da Indiya da Pakistan. Maƙwabtanmu su ne Nijar +227, Chadi +235, Kamaru +237, Binin +229. Gana +233 ce, Libiya +218, Sudan +249, Masar +20. Saudiyya +966, Dubai da sauran Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa +971, Indiya +91, Sin +86, Malesiya +60, Ingila +44. Wanda ya haddace biyar ko shida da suka shafi gidansu ya rage wa kansa rabin ruɗani.

Sai dai ido na yaudara. +243 ta Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ce, amma wanda ya duba da sauri zai ɗauka +234 ce ta gida. Haka +223 ta Mali da +233 ta Gana. Akwai ma wani yanki a jihar Ohayo ta Amurka da lambar yankinsa 234 ce, sai ka ga kira ya shigo da +1 234, ka zata Najeriya. Ita kuma +1 ɗin ba ta Amurka kaɗai ba ce. Kanada na cikinta, haka tsibiran Karebiyan da dama: +1 876 Jamaika ce, +1 809 Jamhuriyar Dominika. Wanda ya mayar da kira yana zaton Amurka yake kira, kuɗin wata ƙasar za a cire masa.

Alƙaluman da ke biye da lambar ƙasa su ma suna magana. Layin salula a Saudiyya da 5 yake farawa, kuma alƙaluma 9 ne bayan +966. Na Nijar 8 ne bayan +227. Na Indiya 10. Lambar da ta gaza ko ta zarce tsayin da ƙasar ke amfani da shi, da alama ƙirƙirarta aka yi. A Ingila layin salula da 7 yake farawa, amma +44 70 ba salula ba ce. Wani rukuni ne na lambobin da ake karkatar da kiransu zuwa duk inda mai su ya so, har wajen ƙasar, kuma 'yan damfara sun daɗe da sanin haka. Lambobin da suka fara da +870 ko +881 ko +882 kuwa ba su da ƙasa ko ɗaya. Na wayoyin tauraron ɗan'adam ne da wasu hanyoyin sadarwa na ƙasa da ƙasa, irin su Thuraya da Iridium, kuma kiransu na cikin mafi tsada a duniya.

A nan ne al'adarmu ta filashin ke jefa mu cikin tarko. Tun zuwan wayar salula a 2001 muka saba da cewa wanda ba shi da kati zai buga sau ɗaya ya katse, kai mai hali ka kira shi. Ƙin mayar da kiran ma har ana ɗaukarsa girman kai. To akwai wata sana'a ta damfara da aka gina kacokan a kan wannan ɗabi'a, masana sadarwa na kiranta wangiri, sunan da ta samo a Japan. Masu yin ta sukan kama hayar lambobi masu tsada a wata ƙasa, su sa kwamfuta ta riƙa buga dubban lambobi a jere, kowacce ƙara ɗaya a katse. Duk wanda ya mayar da kira, kamfaninsa zai caje shi kuɗin kiran waje, wani kaso na kuɗin kuma ya bi layi har aljihun masu lambar. Burinsu ka daɗe a kan layi, shi ya sa za ka ji murya da aka naɗa tana cewa ka dakata, ko kiɗa, ko ƙarar waya kamar ba a ɗauka ba alhali mintunanka na tafiya. Tambayar waye ya kira ba ta da amsa a wannan yanayi, domin ba mutum ne ya kira ba, kuma bai san ka ba. Lambarka ta faɗo ne cikin jeri. Ɗan uwa na gaskiya da ke waje, in ya kira bai samu ba, zai sake kira ko ya aiko da saƙo.

Abin da ya fi wuyar fahimta ga mutane da yawa shi ne cewa lambar da ke fitowa a fuskar waya ba hujja ba ce. A tsarin kiran waya, ɓangaren mai kira ne ke aiko da lambar da za a nuna, kamfanonin da kiran ya ratsa kuma su miƙa ta gaba kamar yadda suka karɓa. Da can kamfanonin gwamnati ƙalilan ne ke riƙe da layukan, amana ta wadatar. Yanzu da ake tura kira ta intanet, mai kwamfuta da 'yan daloli na iya rubuta duk lambar da ya ga dama ta fito maka, har ta banki ko ta ofishin jakadanci. Amurka ta tilasta wa manyan kamfanoninta wani tsarin tantance lambar mai kira tun 2021, amma tsarin ba ya bin kira idan ya tsallaka iyaka ya zo nan. Idan ka mayar da kira ga irin wannan lamba, ainihin mai ita za ka samu, wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba, ka yi ta zaginsa a banza.

Akwai kuma akasin haka, wanda tsofaffinmu suka sha gani: yaro na kira daga Jidda ko Landan amma lambar gida ce ta fito, 080 ko 070 kaza. Dalilin kuɗi ne. Abin da ake biyan kamfanin Najeriya don sauke kiran waje ya fi na kiran cikin gida, kuma a 2016 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta ɗaga shi daga naira 3.90 zuwa naira 24.40 a minti. Sai wasu suka riƙa ɗauko kiran waje ta intanet, su shigar da shi cikin wani akwati mai cike da layukan gida, ya fito kamar daga maƙwabta aka buga, su cinye bambancin. A 2018 NCC ta hukunta wasu kamfanoni kan wannan. Abin lura ga mai karɓar kira shi ne, idan aka ajiye wannan lambar a matsayin ta yaron, gobe aka kira ta, ba za a same shi ba. Haka alhajin da ya tafi da layinsa na gida ya buɗe shi a Madina, +234 za ta fito duk da yana can. Wanda ya sayi layin Saudiyya, na STC ko Mobily ko Zain, shi ne zai fito da +966.

WhatsApp daban yake, kuma nan ne yawancin irin waɗannan kiraye-kiraye ke shigowa yanzu. Ba a buɗe shi sai an tura wa lambar wasu alƙaluma 6 an shigar, don haka lambar da ka gani a can, mai kiran ya taɓa samun iko da ita ko sau ɗaya. Amma samun iko da lamba ba ya nufin zama a ƙasarta. Akwai manhajoji irin su TextNow da ke ba mutum lambar +1, akwai masu sayar da lambobin haya na ƙasashe daban-daban. Wanda ke maka magana da lambar Amurka ko Ingila na iya kasancewa a Legas, ko ma a Tumfure. A 2023 an yi ta ƙorafi, musamman a Indiya, kan kiraye-kirayen WhatsApp daga +62 da +84 da +251 da makamantansu, a shekarar kuma kamfanin ya fito da maɓallin da ke sa kiran baƙuwar lamba ya shigo shiru. Yana cikin saitin sirri, kuma ina ganin duk wanda ya saya wa mahaifiyarsa babbar waya ya kamata ya nuna mata shi.

Duk da haka WhatsApp na ba da ɗan haske. Yakan nuna ƙasar lambar, ya kuma nuna ko kuna cikin zaure ɗaya da mai ita. Wannan na biyun ya fi komai amfani, domin in kuna zaure ɗaya akwai wanda ya saka shi, akwai wanda za a tambaya. Suna da hoto kuwa mai layin ne ya zaɓa da kansa. Hoton Balarabe da farin rawani ko na Baturiya cikin kayan soja, ana iya saka shi a binciken hoto na Google a ga wurare nawa ya taɓa fitowa. Wani lokaci ma lamba da suna da hoto duk na ɗan uwanka ne na gaskiya, amma an ƙwace layin. Yadda ake ƙwacewa sananne ne: a kira mutum a ce daga ƙungiyarsu ne, za a yi taro da daddare, an turo masa lambar shiga, ya karanto. Yana karanto alƙaluman nan 6, WhatsApp ɗinsa ya koma hannun wani, daga nan a bi danginsa ɗaya bayan ɗaya ana neman rance da sunansa.

Sai Truecaller, manhajar nan mai nuna sunan mai kira, wadda mutanenmu suka ɗauka tamkar rajistar gwamnati. Kamfani ne na ƙasar Suwidin da aka kafa a 2009, kuma yawancin sunayen da yake nunawa daga jerin lambobin wayoyin masu amfani da shi ya tattaro su. Shi ya sa za ka ga lambar mutum ta fito da "Mai Shayi Tashan Dukku" ko "Kawu 2". Abin da wasu suka rubuta ne a wayarsu. Mai lamba ma na iya shiga ya sa wa kansa sunan da ya so, har na ma'aikata ko na kamfanin jigilar kaya. A ƙasar da masu amfani da shi ke da yawa, kamar Indiya, yakan yi ƙoƙari. A inda ba su da yawa, ko sabon layi ne, ba zai nuna komai ba. Jan launin da ke nuna mutane da yawa sun kai ƙarar lamba ya fi sunan amfani. Kuma ba kyauta yake ba kamar yadda ake zato, da lambobin mutanen da ke wayarka kake biya. A 2019 hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, NITDA, ta buɗe bincike a kansa kan batun sirrin bayanan 'yan Najeriya. Shafukan da ke cewa a biya su dala kaza su fitar da suna da adireshi, yawancinsu da bayanan Amurka suke aiki, ba su da komai kan layin Chadi ko Saudiyya. Manhajojin da ke alkawarin nuna inda mai kira yake a taswira kuwa, ƙasar lambar kawai suke zana maka. Inda waya take, kamfanin da turakunsa ke ɗauke da ita ne ya sani.

To me ya rage? Magana da mutumin, da kuma bin hanyar da ka riga ka sani. Idan murya ta ce, "Hajiya, ni ce, na canja layi, ina cikin matsala," kada Hajiya ta taimaka mata da cewa, "Wace ce, ko Adda ce?" Da zarar an ambaci suna an ba ɗan damfara abin da ya rasa. A bar mai kira ya faɗi sunansa da kansa. Sannan a katse, a nemi mutumin ta tsohuwar lambarsa, ko ta wanda suke zaune tare a can. A jefa masa tambayar da sai ɗan gida ya sani, wadda ba ta Facebook: sunan da kaka ke kiransa da shi, ko wanda ya raka shi tasha ranar tafiya. A Gombe muna da wata garkuwa da ba kowa ke da ita ba, wato yare. Gidan da ake Fulatanci ko Tangale ko Tera ko Waja ko Bolanci, a juya harshe a ji ko zai biyo. Agogo ma shaida ne. Saudiyya na gabanmu da awa 2, Dubai da awa 3, Indiya da awa 4 da rabi, Sin da Malesiya da awa 7. Wanda ya ce yana Makka, ka tambaye shi ba zato ko sun yi Magariba, in ya tsaya lissafi ka ji. Muryar kaɗai ba ta isa ba yanzu, tunda akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun saƙon da ya taɓa naɗa. Wanda kullum kyamararsa ta lalace idan aka nemi kiran bidiyo, ya riga ya ba da amsa.

Baƙon da ba ya da'awar dangantaka kuwa, buƙatarsa ce ke bayyana shi. Mai cewa ya aiko maka da kaya sun maƙale a filin jirgi sai an biya kuɗin kwastam, mai neman wakili da zai gina masa masallaci ko rijiya amma sai an fara tura kuɗin takardu, mai bizar aiki a ƙasar Larabawa, mai aikin danna wa bidiyo alamar so a biya ka ɗari biyar yau gobe a ce ka zuba dubu hamsin. Duk waɗannan, sanin sunansu na gaskiya ba zai canja matakin da ya kamata ka ɗauka ba. Ɗan kasuwar Garwa ko Injamena da ya samu lambarka wurin wani a Tudun Hatsi kuwa zai faɗi wanda ya ba shi, kuma ana iya kiran wancan a tabbatar.

Idan abu ya kai ga barazana ko an riga an yi asara, sai hanyar hukuma, kuma gara a san iyakarta. Haɗa layi da lambar NIN da aka fara a Disambar 2020 ya shafi layukan +234 ne kawai. NCC, wadda ake kai wa ƙorafi kyauta ta 622, tana da iko ne kan kamfanonin gida. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa waɗannan kamfanoni ajiye bayanan kira na shekara 2, don haka kamfaninka na da tarihin lokacin da kiran ya shigo da ƙofar da ya biyo, amma jami'an tsaro yake ba wa bisa ƙa'ida, ba wanda ya shigo ofis da fushi ba. Daga nan, don a san mai layin waje, sai 'yan sanda sun bi ta ofishin Interpol da ke Abuja, ko a bi ta ofishin Antoni Janar a roƙi waccan ƙasa. Abu ne mai ɗaukar lokaci, kuma manyan laifuka ake yi wa. A ƙarshe ma ana iya tarar da babu suna: Saudiyya na karɓar shaidar mutum da hoton yatsa kafin ta ba da layi, amma a Ingila da Amurka ana sayen layin kati ba tare da nuna wata shaida ba. Saboda haka yaron da ya ce maka yana da mutum a kamfani, kawo dubu goma a yi tirakin lambar Ingila, shi ma ka sa shi cikin jerin waɗanda kake tsoro.

Inda ɗan damfara mai lambar waje ya fi barin sawu shi ne wurin karɓar kuɗi. Komai nisan ƙasar da ya ce yana ciki, galibi asusun bankin Najeriya zai turo, mai alƙaluma 10, ya ce na wakilinsa ne. Kana shigar da lambar asusun a manhajar banki, suna zai fito kafin ka tura ko kwabo. Asusun na haɗe da BVN ko NIN, kuma wannan yana cikin ikon hukumomin gida, ko da na wani ne aka ara ko aka saya, domin mai shi mutum ne da ake iya samu a tambaya. Wanda aka riga aka cuta, bankinsa zai fara garzayawa a ranar, tun kafin a kwashe kuɗin zuwa wani asusun, sannan ya kai rahoto wurin 'yan sanda ko ofishin shiyya na EFCC da ke nan Gombe. Ya tafi da hoton lambar cikakkiya har da lambar ƙasa, da rana da lokacin kowane kira, da saƙonnin rubutu da na murya, da shaidar tura kuɗin. Kada ya goge hirar don takaici ko kunya, kuma ya ɗauki hotunan tun kafin ya toshe lambar, domin mai ita na iya share saƙonninsa daga ɓangarorin biyu.